Gyaran tsohon tarago: ku ajiye maganar fenti tukuna

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, abin da ya hana ni amsawa shi ne muna ta fama da ɗaurin gero a gona, kuma tambayar taka ba ta layi biyu ba ce. Ka ce ka ga bidiyon wasu dattawa a Ingila sun taru a wani shago suna gyaran tsohon taragon fasinja na katako, ba mai biyansu ko sisi, wai tarago guda sun fi shekara goma a kansa, kana tambaya me ke cin wannan lokaci haka. Sannan ka ce ku samarin garinku kuna son ku yi karo-karo ku sayi fenti ku gyara wanda ke yashe a bayan tasharku ta layin Nguru. Allah ya yi muku albarka, wallahi na ji daɗi har raina. Amma kuɗin fentin nan ku riƙe shi tukuna, kar ku sayi ko galan ɗaya, bari in gaya maka dalili.

Ni da kafintan bodin mota na fara, irin manyan motocin nan masu bodin katako da ake lodin gyaɗa da shanu, daga nan na koma aikin taragu, a nan gashin kaina ya yi fari. Su kuma waɗancan mutanen da ka gani na daɗe ina bibiyar aikinsu, don sana'armu ɗaya da su, bambancin kawai ni albashi na ci, su kuwa son abin ne ya kai su.

Abin ya samo asali ne daga wani ɗan ƙaramin layin dogo a yankin Wales na Birtaniya, sunansa Talyllyn, wanda aka gina tun shekarun 1860 don ɗaukar dutsen rufin ɗaki daga kan tsauni zuwa bakin teku. Mai layin ya rasu a 1950, kowa ya ɗauka shikenan za a kwashe ƙarafan a sayar, sai wani injiniya marubuci mai suna Tom Rolt da abokansa suka kafa ƙungiya suka karɓi layin, a 1951 suka fara tafiyar da jirgi da hannun 'yan sa kai. Shi ne na farko a duniya da aka yi haka. Kuma taragun fasinjan da layin ya fara da su tun shekarun 1860 ɗin nan har yau suna nan, ana shiga ana zama. Daga nan abin ya bazu, a 1960 aka buɗe layin Bluebell a kudancin Ingila, suna da babban shagon taragu a tashar Horsted Keynes, akwai na tsibirin Wight, akwai wasu da yawa.

To me ke cin shekarun? Farko dai ka san a wane hali taragon yake zuwa hannunsu. Da can in kamfanin jirgi ya gama cin moriyar tarago na katako, sai a raba gangar jikin da shasin ƙarfen, ƙarfe a kai narkarwa, jikin kuma a sayar wa manomi ko wani mai neman ɗaki da araha. Wani ya mai da shi gidan kwana, wani akurkin kaji, wani rumbun ajiyar kaya, a haka zai yi shekara sittin ko tamanin a ƙasa. Irin waɗannan su Bluebell da na tsibirin Wight suke bi gona-gona suna nemowa. Ka ga kenan ba ƙafa, ba birki, ba kujeru, an fasa bangon ciki an yi falo, an toshe wata ƙofa an huda wata. Sai sun nemo shasin wani tsohon taragon kaya sun yanke shi daidai tsayi sun ɗora jikin a kai. Kuma mutanen nan ba kullum suke zuwa ba, wani sau ɗaya a mako, wani Asabar da Lahadi, yawancinsu 'yan fansho ne. In ka lissafa haka za ka ga shekara goma ba ta yi yawa ba.

Aikin farko ba guduma a cikinsa. Littafi ne da biro da abin awo da kyamara. Kafin a kwance ƙusa ɗaya sai an ɗauki hoton kowane lungu, an auna, an zana, kowane guntun katako da za a cire a rubuta masa lamba a jiki, a rubuta a littafi daga ina ya fito. Wannan na koye shi da wahala. Akwai lokacin da muka cire ƙofofi takwas na wani tsohon tarago muka jingine su a bango ba mu sa musu alama ba, da ido duk girmansu ɗaya, da aka zo mayarwa ko guda ba ta yarda ta zauna a gurbin da ba nata ba, don kowace ƙofa da hannu aka fere ta daidai bakinta, wata ta fi wata da kaurin farce. Kusan mako biyu muka yi muna ɗauka muna gwadawa muna saukewa. Tun daga ranar ko marfin taga zan cire sai na sa alli.

A wannan matakin ne kuma ake gano asalin taragon. Za ka ga mutum ya zauna da samfefa mai laushi da ruwa yana goge wuri kamar tafin hannu a jikin ƙofa, a hankali, fenti na fita hawa-hawa, na manomi ya tafi, na kamfanin ƙarshe ya tafi, can ƙasa sai ga lambar taragon ta asali da launin da ya fito da shi daga masana'anta. Wanda ya zo da injin gurza ya kankare komai a yini ɗaya, ko ya shafe da sabon fenti, ya goge wannan shaidar kenan har abada. Ka fara ganin abin da ya sa na ce ku dakata.

Yanzu ga inda ainihin ciwon yake. Tarago daga sama yake kamuwa amma daga ƙasa yake mutuwa. Rufi ya tsage, ko bakin taga ya buɗe, ruwa ya shiga ya bi ta cikin bango ya gangara, ina zai tsaya? Sai a gindin ginshiƙai, wurin da kowane ginshiƙi ya shiga ramin da aka fafe masa a jikin dogon katakon da ke kwance a ƙasa. Nan ruwa ke kwanciya. Daga waje za ka ga bango lafiya lau har da ƙyalli, amma ka ɗauki sukundireba ka danna a gindin ginshiƙin, in itacen na da rai zai turje, ka ji shi tauri, in ya mutu kuwa sai ka ji ta lume kamar ka soka a dafaffiyar kabewa, ka zaro ta da baƙin gari mai ɗanshi da wari irin na tsohon rumbu. Sannan duk ƙarfen da aka ɗaure kusurwa da shi, in ya yi tsatsa kumbura yake, yana kumbura yana tsaga katakon da ke riƙe da shi, sai ruwa ya ƙara samun hanya. Shi ya sa a jikin katako mai kyau sukurun tagulla ake sawa ba na baƙin ƙarfe ba.

Gyaran wannan wuri shi ne gwanintar. Ba a cire ginshiƙi gaba ɗaya don gindinsa ya ruɓe. Ana tokare rufin da wasu itatuwa kar ya zauna, a yanke ruɓaɓɓen har sai an iske lafiyayyen itace, amma ba yankan kai tsaye ba, a karkace ake yi, doguwar fira kamar firar alƙalamin kara, sannan a fere sabon katako da irin wannan karkatar a haɗa su baki da baki da gam da sukuru. Dalilin tsawon firar shi ne gam ya sami fili mai yawa da zai kama, don tarago ba ɗaki ba ne, tafiya yake yana girgiza yana murɗawa, haɗin kai tsaye ba ya kai ko'ina. Kuma sabon katakon dole ya zama irin tsohon ne ko danginsa, ya bushe sosai. Su can da yawan taragunsu da tik aka yi, wanda ake kawowa daga ƙasar Burma, itace ne mai maiƙo a jiki, ruwa ba ya cinsa da wuri. Wani kamfaninsu na da, LNER, ko fenti ba ya yi wa taragunsa na tik, banish kawai ake shafawa hawa bisa hawa har ka ga fuskarka a ciki.

A nan ma su kansu suna da saɓani, kuma saɓani ne mai ma'ana. Wasu na cewa a bar duk guntun da zai iya zama ko da ya yi muni, don shi ne hannun mutanen farko ya taɓa. Wasu na cewa ai mutane za a ɗauka a ciki, duk abin da ake shakka a canja. Ni ra'ayina, abin da ke ɗaukar nauyi ba a yi masa kara, in ya gaji a canja, amma allon bango da marfin taga da hannun ƙofa da kujera, in dai za su gyaru a bar su. In ka canja komai to sabon tarago ka ƙera, ba tsoho ka ceto ba.

Rufin tsohon tarago alluna ne a jere a lanƙwashe, a shafa musu wani kauri kamar kunu, a shimfiɗa tamfol guda ɗaya tun daga wannan kai har wancan, a ja shi tam a kafe, a bi da fenti. Da can kunun nan da farar dalma ake haɗa shi, guba ce, yanzu sun sami madadinta. Sai rufi ya gama zama, bango ya rufu, tagogi sun zauna, sannan a zo kan fenti, shi ma ba irin na shafe ka tafi ba. A sa na share fage, a cike ramuka, a goge, a sake, a goge, a sa na ƙasa, a sa na sama, a rubuta lamba da haruffa da hannu, wani wurin da ganyen zinariya, sannan banish a kai. Da buroshi, ba feshi ba, kuma tsakanin kowane hawa sai ya bushe an goge. Hawa goma ko fiye ba abin mamaki ba ne. Fenti shi ne na ƙarshe a layi, kuma shi ne abin da ido ke fara gani, shi ya sa duk sabon shiga da shi yake son farawa. Na ga inda aka shafa fenti a kan tsatsa don a burge baƙi, damina biyu kacal ya yi ƙuraje ya ɓare, tsatsar kuma ta ci gaba da cinta a ɓoye fiye da da.

Ƙasan tarago kuwa wani fanni ne daban, kuma nan ne rai yake. Akwai wili da sandar da ta haɗa su, akwai sifirin, akwai akwatin mai a kowane gefe. A tsofaffin taragu kan sandar yana juyawa ne a ƙarƙashin wani farin ƙarfe mai laushi, a ƙasa kuma akwai ƙunshin zare ko ulu da ke tsotso mai yana shafa masa. In man ya ƙare ko yashi ya shiga, wurin ya ɗau zafi, farin ƙarfen ya narke, har wuta na iya tashi ko sandar ta karye ana cikin gudu. Shi ya sa in jirgi ya tsaya a tasha za ka ga mutum na bin gefensa da doguwar guduma, yana ɗora bayan hannu a kan kowane akwati ya ji ɗuminsa, yana kuma ƙwanƙwasa kowane wili. Lafiyayyen wili ƙara yake kamar ƙararrawar makaranta, tana daɗewa tana amsawa a kunne. Mai tsaga ko wanda bakinsa ya saki sai ka ji ƙwaf, kamar ka bugi fasasshiyar tukunya. Na yi wannan aikin da daddare da fitila a hannu, hunturu na kaɗawa, kuma har gobe in na ji ƙarar ƙarfe kunnena sai ya yi mata hukunci. Yanzu suna da na'urar da ke leƙa cikin sandar da sauti ta nuna tsagar da ido ba ya gani, kuma duk son da 'yan sa kai ke yi wa tarago, ba ya ɗaukar fasinja sai wanda ya cancanta ya duba ya sa hannu.

Birkin tsofaffin nan ma abin sha'awa ne. Bututu ne guda ya bi jirgin tun daga kai har wutsiya, injin ya zuƙe iskar ciki, muddin ba iska a bututun birki a sake yake, da zarar iska ta shiga sai birkin kowane tarago ya kama. Ka ga ko da jirgi ya tsinke biyu, bututun ya rabu, iska ta shiga, duka ɓangarorin su tsaya da kansu. Ba haka kawai aka tilasta wannan ba, sai da aka yi asarar rayuka, a 1889 a Armagh ta ƙasar Ailan wasu taragu cike da 'yan makaranta suka gangaro da baya suka yi karo da wani jirgin, mutum 80 suka rasu, a shekarar majalisarsu ta yi dokar birki mai kama kansa a duk jirgin fasinja. Kuma duk da wannan kulawa, yawancin layukan tarihin nan ba a yarda su wuce gudun mil 25 a awa ba, wajen kilomita 40 kenan.

To mu dawo gida. Jirgi ya iso Kano a 1911, layin da ya bi ta wajenku ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya kai Nguru a 1930, gyaɗa da fatu ne suka ja shi, kuma garuruwa da dama a wannan yankin tasha ce ta raya su. Kakanninku a waɗannan taragun suka fara ganin Legas. Faɗin layinmu na da ƙafa 3 da inci 6 ne, sabon da ake shimfiɗawa yanzu irin na Abuja zuwa Kaduna ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, ma'ana tsofaffin taragun ba za su taɓa hawa sabon layi ba, wanda ba a adana ba sai dai ya tafi a kilo. Don haka niyyarku tana kan hanya.

Amma abu na farko, taragon nan yana da mai shi. Ko ya shekara talatin ciyawa ta rufe shi, kayan Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne. Ranar da aka ga ɗayanku da sifana a gindinsa ba takarda, ba wanda zai tsaya jin cewa gyara kuka zo yi, da ɓarayin ƙarfen dogo za a haɗa ku, kuma ka san yadda ake kama mutane a kan wannan yanzu. Ku fara da dagaci, ya kai ku wurin hakimi, a rubuta takarda da sunan ƙungiya ba da sunan mutum ɗaya ba, a bi ta hannun shugaban tasha zuwa ofishin hukumar na shiyya. Ku yi wa ƙungiyar rajista, ku buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku. Ku je Gidan Makama a Kano ku gaida ma'aikatan hukumar gidajen tarihi ku gaya musu, sun san hanyar irin wannan takarda. Zai ɗau lokaci, ku yi haƙuri da shi. Kuma ba ku ne farau ba, a Legas akwai ƙungiyar sa kai mai suna Legacy 1995 da ta gyara Jaekel House, wani tsohon gida na 1898 a cikin harabar reluwe ta Ebute Metta, aka mai da shi ɗan gidan tarihin jirgin ƙasa, da yardar hukumar suka yi.

Abu na biyu lafiyarku, kuma dan Allah wannan ka karanta wa abokanka da ƙarfi. Daga yadda ka kwatanta, naku mai jikin ƙarfe ne, katakon a ciki yake. Taragun ƙarfe da yawa da aka ƙera a Ingila a shekarun 1950 da 1960 an cusa musu asbesto tsakanin bangon waje da na ciki don tare zafi, kuma namu na da da yawa daga masana'antun can aka kawo su. In kun leƙa bayan allo kuka ga wani abu kamar auduga, fari ko toka-toka ko mai shuɗi-shuɗi, kar wanda ya taɓa, kar a share, kar a bar yara su shiga. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, ciwon sai bayan shekara ashirin ko talatin yake bayyana, kuma ba shi da magani. Takunkumin yadi ba ya tare ta. Su kansu Turawan ba 'yan sa kai ke cire shi ba, kamfani na musamman suke biya. Tsohon fenti ma akwai dalma a ciki, ba a ƙona shi ba a gurza shi a bushe, mu nan arewa mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Sannan kar wanda ya shiga ƙarƙashin tarago a kan jak kawai, sai an tokare da manyan katakai. Kafin ma ku buɗe ƙofa ku tuna wurin da aka daɗe ba a shiga ba gidan maciji ne da zuma da rina.

In izini ya samu, kuɗin fentin nan ku sayi kwano da shi. Rumfa. Ko a Ingila babban abin da ƙungiyoyin nan ke tara kuɗi a kansa kenan, don sun gane tarago da aka gyara aka bari a waje 'yan shekaru kaɗan ya koma gidan jiya. Su ruwa ne abokin gabarsu duk shekara. Mu Allah ya rage mana wannan, busasshiyar iskarmu tana sa ƙarfe ya daɗe, amma muna da namu: rana da ke dafa fenti ta tsattsaga katako, hunturu da ke tsotse shi har haɗi ya saki, ruwan Agusta mai zuwa da iska, gobarar daji in yara sun fita farautar gafiya, da 'yan jari-bola. Sai uwa uba gara. Gara ba ta jin nisa, za ta gina hanyarta ta ƙasa a jikin wili ta hau shasi ta shiga dabe, ta cinye cikin katako ta bar maka fatar fenti a tsaye. Don haka a nome ciyawa a share kewaye da faɗi, kar a jingina komai da jikinsa, kowane mako wani ya zagaya ya duba wili da shasi ya karya duk hanyar gara da ya gani, a shafa maganin gara a katakon ƙasa. Wannan kaɗai in kuka riƙe shekara guda kun yi wa taragon abin da ba a yi masa ba a shekara talatin.

A mai jikin ƙarfe wuraren dubawa su ne ƙasan tagogi, da gindin bango inda ya haɗu da dabe, da kusurwoyin kai da wutsiya, da wajen banɗaki, nan tsatsa ke fara huda. Mai walda zai yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon falange, amma sai an cire katakon da ke bayan wurin an ajiye ruwa da yashi a kusa, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye aikin gaba ɗaya.

Maganar masu hannu kuwa ba na jin tsoro ko kaɗan. Kafintan da ya iya bodin mota ya san yadda ake haɗa katako ya jure girgiza. Muna da maƙera da za su ƙera maka duk wani maratayi in ka ba su samfuri, muna da masu zubin tagulla da sanholo da za su zuba hannun ƙofa, muna da dukawa, muna da masu ɗinkin kushin, muna da masu rubutun jikin mota da hannunsu ba ya rawa. Katako akwai maɗaci, akwai loko, akwai tik da ake nomawa a kudu maso yamma. Sai dai duk katakon da ya zo daga kudu kar a yi aiki da shi nan take, a jera shi a inuwa da 'yan tsinke a tsakani ya sha hunturu guda a nan tukuna, in ba haka ba ka haɗa shi lafiya a damina, kafin bazara ya ja jiki ka sa yatsa a tsakani.

Inda nake jin tsoro shi ne ɗorewa. Mu mun iya aikin gayya, a buga ganga a fito mutum ɗari a gama gona kafin azahar a ci tuwo a watse. Wannan aikin ba haka yake ba, mutum shida yake so waɗanda za su zo kowace Asabar, shekara da shekaru, ranar da ba mai kallo ba mai ɗaukar hoto. Ku tsai da rana guda, ku ajiye littafi a rubuta abin da aka yi da abin da aka kashe, kuma ku nemo tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke garinku, na tabbata akwai su, suna zaune a gindin bishiya ba mai tambayarsu komai. Ku zaunar da su a gefen taragon ku kunna rikoda a waya, kowannenku ya kama ɗaya ya koya. A Saliyo an rufe layin dogonsu a tsakiyar shekarun 1970, amma wasu injuna da taragu da aka kulle a tsohon shagon Cline Town a Freetown suka tsira har da yaƙin basasa, a 2005 aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi, ciki har da taragon da aka tanada don ziyarar Sarauniyar Ingila a 1961. Rufi da ƙofa ne suka cece su. Nan gida ma ɗan siririn layin nan da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, abin da ya rage na kayansa yana ajiye a gidan tarihi na Jos, in ka sami hali ka je ka gani da idonka.

Kar ku sa wa ranku sai ya yi tafiya. Wannan sai da hukuma da injiniyoyinta da kuɗi masu nauyi. Ku nufi ya tsaya a inda yake a ƙarƙashin rumfa, da tagoginsa da kujerunsa da lambarsa ta asali, malamin firamare ya kawo yara su shiga su zauna a faskila.

Yanzu abin da nake so ka yi, ba tare da ka taɓa komai ba. Ka je da safe rana na bayanka, ka ɗauko min hoton gefe biyu da kai da wutsiya. Ka durƙusa ka duba jikin dogon ƙarfen shasi wajen tsakiya, akan kafe wani ɗan allon ƙarfe mai sunan masana'anta da shekarar ƙira, in ba a sace shi ba ka ɗauke shi kusa yadda rubutun zai karantu, in an cire za ka ga ramukan ƙusoshinsa, su ma ka ɗauka. Ka ɗauki murfin akwatin mai, sau da yawa akwai haruffa a jiki. Ka ƙirga tagogi da wili, ka leƙa ta taga ka gaya min ko daben ya lotsa. In mun gama kai amfanin gona gida zan shigo motar ranar kasuwarku in sha Allahu, da 'yar gudumata, ka gaida min mahaifinka da dagacin.